Amedewo Abogadoro da tagwayen da ke cikin iska

Ku dubi taɓarya da kyau. Tana da kai biyu masu kauri, tsakiyarta kuwa siririya ce, daidai riƙon hannu. Kalangu ma haka yake: baki biyu masu faɗi, ƙugu matsattse. Gyaɗa mai ƙwaya biyu ita ma tana da ƙugu tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Samarin da ke neman ƙarfin damtse a unguwannin Tawa sukan cika gwangwani biyu da siminti, su soka sandar ƙarfe tsakaninsu, su riƙa ɗagawa. Duk siffa ɗaya ce: dunƙule biyu da mahaɗi ɗaya.

Wannan siffa tana cikin iskar da kuke shaƙa yanzu haka. Iska cike take da ƴan mitsi-mitsin abubuwa waɗanda ido ba ya gani. Kusan dukansu tagwaye ne, biyu-biyu suke tafiya, a haɗe da juna. Mutumin da ya fara gane haka bai gan su ba, ba shi ma da abin da zai gan su da shi. Da ƙidaya ya gane. Sunansa Amedewo Abogadoro, mutumin ƙasar Italiya. Ya bayyana abin da ya gane a shekarar 1811, amma har ya mutu masana ba su karɓi maganarsa ba. Ga tarihinsa.

Ɗan gidan alƙalai

An haifi Abogadoro ran 9 ga watan Agusta 1776 a birnin Turin, cikin yankin Piyemon, a arewacin Italiya, kusa da manyan duwatsun da suka raba Italiya da Faransa. A lokacin Italiya ba ƙasa ɗaya ba ce. Sarautu ne da yawa, kowace da mai mulkinta, kamar yadda ƙasar Hausa take da Gobir da Katsina da Kano. Turin ce fadar sarkin Piyemon da tsibirin Sardiniya. Shekarar da aka haife shi, Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi, saurayi ne ɗan shekara 21.

Gidansu gidan shari'a ne tun kaka da kakanni. Sunan gidan ma daga kalmar lauya ya samo asali a tsohon harshensu. Ubansa Filipo babban alƙali ne, yana kuma da sarauta a wani ƙauye da ake kira Kwarenya. Yaron ya bi hanyar gado. Yana da shekara 16 ya sami takardar farko ta ilimin shari'a. A 1796, yana da shekara 20, ya ƙare karatun shari'ar coci. Ya yi aiki a ofishin lauyan talakawa, inda ake tsaya wa mutumin da ba shi da kuɗin ɗaukar lauya.

Aikin lauya yakan koya wa mutum abu ɗaya. Idan shaidu biyu suka faɗi magana biyu da suka saɓa, ba a gaggauta cewa ɗaya maƙaryaci ne. Sai a nemi abin da ya faru, wanda zai sa maganar kowannensu ta zauna. Ku riƙe wannan, za mu sake gamuwa da shi.

Daga shari'a zuwa lissafi

A shekarar 1800 wani ɗan Italiya mai suna Bolta ya ƙera batir na farko a duniya. Ya jera faifan tutiya da na jan ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, da tsumma jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, sai lantarki ya gudana. A wannan shekarar wasu masana a Ingila suka sa wayoyin irin wannan batir cikin ruwa. Ruwan ya rabu gida biyu, ya zama gaz iri biyu. Labari ya bazu ko'ina a Turai.

A daidai wannan lokaci Abogadoro ya fara karatun lissafi da fizik a gefen aikinsa. A 1803 shi da ɗan'uwansa Felice suka kai wa majalisar masana ta Turin rubutunsu na farko, a kan lantarki. Sannu a hankali ya bar shari'a ya koma koyarwa. A 1809, shekarar da Muhammadu Bello ya gina Sakkwato, aka naɗa shi malamin lissafi da fizik a kwalejin Barceli, wani gari tsakanin Turin da Milan inda ake noman shinkafa. Piyemon tana hannun Faransa a lokacin, ƙarƙashin mulkin Napoleyon. Saboda haka littattafai da mujallun masana na Paris suna iso masa, shi ma da Faransanci yake yawan rubutunsa.

Gardamar da ya tarar

Masana biyu suna da magana biyu da suka ƙi haɗuwa.

Na farko Jon Dalton ne, malami a birnin Mancesta ta Ingila. A littafinsa na 1808 ya nuna cewa kowane abu an gina shi da ƴan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba su rabuwa. Sunansu atom. Atom ɗin ƙarfe daban, na zinariya daban, kowane iri da nauyinsa. A ganin Dalton, ƙwayar ruwa atom biyu ce kawai: idorojan ɗaya, oksijan ɗaya.

Na biyu Ge-Lusak ne, a Paris. Shi awo ya yi. Ya ga cewa idan gaz biyu za su haɗu, da awo mai sauƙi suke haɗuwa. Litir 2 na idorojan da litir 1 na oksijan suna ba da litir 2 na tururin ruwa. Litir 1 na idorojan da litir 1 na kulor suna ba da litir 2 na wani gaz mai tsami.

Dalton bai yarda da awon Ge-Lusak ba. Idan ruwa ɗaya da ɗaya ne, me ya sa ake bukatar idorojan ninki biyu? Kuma yaya litir 1 na oksijan zai ishi litir 2 na tururi, alhali atom ba ya rabuwa? Sai ya ɗauka awon ne bai yi daidai ba.

Abogadoro ya karanta su duka biyu a Barceli. Ba shi da babban ɗakin gwaji irin na Paris. Lambobin da wasu suka auna ya ɗauka, ya zauna da alƙalami. Ya yi abin da lauya ke yi da shaidu biyu: ya nemi abin da zai sa Dalton ya yi gaskiya, Ge-Lusak ma ya yi gaskiya. Ya sami amsa biyu.

Amsa ta farko: tiya da kwalba

A kasuwa, tiyar hatsi da tiyar wake girmansu ɗaya, amma ƙwayoyin da ke ciki ba ɗaya ba ne. Hatsi ƙanana ne, sun fi yawa nesa ba kusa ba. Dalili shi ne ƙwayoyin suna manne da juna, girman ƙwaya shi ke cika tiya.

Gaz ba haka yake ba. Idan aka tafasa litir 1 na ruwa har ya ƙone, tururinsa yana cika wuri kamar litir 1700. Ƙwayoyin ba su ƙaru ba, ba su kumbura ba. Nisa ne ya shiga tsakaninsu. A cikin gaz, fili ya fi ƙwayoyi yawa ƙwarai. Ku ɗauka an baza tumaki goma a wani makeken fili, an baza raƙuma goma a wani fili irinsa, kowace dabba da tazara ɗaya daga ƴar'uwarta. Wurin da suka mamaye ɗaya ne, domin tazarar ce ta ci filin, ba girman dabba ba.

Daga nan Abogadoro ya kafa maganarsa ta farko. Kwalba biyu masu girma ɗaya, cike da gaz iri biyu, idan zafinsu ɗaya kuma matsinsu ɗaya, to yawan ƙwayoyin da ke cikinsu ɗaya ne. Ko gaz ɗin mai nauyi ne ko marar nauyi, ƙidayar ba ta sakewa. Wannan ita ake kira dokar Abogadoro.

Amsa ta biyu: rabon gyaɗa

Yanzu sai ƙidaya. Don sauƙi, ku ɗauka kowane litir yana da ƙwaya 100. Litir 2 na idorojan ƙwaya 200 ke nan. Litir 1 na oksijan ƙwaya 100. Tururin da suka bayar litir 2 ne, wato ƙwayar ruwa 200. Kowace ƙwayar ruwa dole tana da oksijan a cikinta. To, yaya 100 za ta ishi 200?

Ku kawo yara 200 da gyaɗa 100 a cikin ɓawonta. An yi rabo, kowane yaro ya sami ƙwaya guda cikakkiya, ba a fasa ko ɗaya ba, babu kuma saura. Ko ba ku ga gyaɗar ba, kun san abin da ke ciki: kowane ɓawo ƙwaya biyu yake da shi.

Haka Abogadoro ya yi tunani. Abin da ke yawo cikin kwalbar oksijan ba atom guda ba ne. Atom biyu ne a haɗe. Lokacin haɗuwa da idorojan sai tagwayen su rabu, kowane ya tafi wata ƙwayar ruwa. Atom bai tsage ba, Dalton ya yi gaskiya. Awon bai yi kuskure ba, Ge-Lusak ya yi gaskiya. Irin wannan ƙulli na atom biyu ko fiye shi ake kira molekil.

Idorojan fa? Ku koma ga ɗaya awon: idorojan 100 da kulor 100 sun ba da 200. Kowace daga cikin 200 ɗin tana da idorojan, tana da kulor. Ashe su ma tagwaye ne. Azot, gaz ɗin da ya fi yawa a cikin iska, shi ma lissafi ya nuna haka yake. Shi ya sa yau ake rubuta O2, H2, N2, Cl2. Lambar 2 tana nufin atom biyu a haɗe. Ruwa kuwa ya fito H2O: idorojan biyu, oksijan ɗaya.

Wannan hanya ta ba shi wani abu mai daraja, wato ma'aunin abin da ba a iya ɗorawa bisa sikeli. Tun da ƙidayar ɗaya ce, sai a auna kwalba biyu kawai. Litir 1 na oksijan yana da nauyin garam 1,43. Na idorojan garam 0,09 ne. Ashe atom ɗin oksijan ya ninka na idorojan nauyi sau 16. Da awon zamaninsa Abogadoro ya sami 15 da ɗan ɗoriya. Dalton kuwa 7 ya rubuta.

Ya rubuta duk wannan da Faransanci, aka buga a wata mujallar fizik ta Paris a 1811. Yana da shekara 35.

Me ya sa ba a saurare shi ba?

Dalilai sun taru.

Na farko, babban masanin shimi na wannan zamani, Barzeliyus na ƙasar Suwidin, yana koyar da cewa lantarki ke ɗaure atom da atom. Lantarki iri biyu ne, kamar kai biyu na batir. Masu bambanci suna jan juna, masu iri ɗaya suna ture juna. A wannan koyarwa, oksijan ba zai taɓa riƙe oksijan ba. Maganar Barzeliyus kuwa tana da nauyi a duk Turai.

Na biyu, wani masanin Faransa mai suna Duma ya auna tururin farar wuta da na fosfor da na zaiba, lissafin tagwaye ya ƙi fita. Sai mutane suka ce dokar ba ta da amfani. Daga baya aka gane dokar lafiya take. Abubuwan ne ba tagwaye ba: fosfor huɗu-huɗu yake tafiya, zaiba ɗai-ɗai, farar wuta kuma yawanta yana sakewa da zafi.

Na uku, rubutun Abogadoro yana da wuyar karantawa. Bai yi amfani da kalmar atom ba. Kalmar molekil ya ba babba da ƙarami duka, yana bambanta su da wasu ƙarin kalmomi, sai mai karatu ya ruɗe.

Na huɗu, shi mutum ne mai kawaici, ba mai tallar kansa ba. Ba ya yawan tafiya ƙasashen waje, ba ya cikin manyan majalisun Paris da Landan inda ake yanke magana. A 1814 wani sanannen masanin Faransa, Amper, ya faɗi kusan abin da ya faɗa. Shekaru da yawa a Faransa da sunan Amper ake kiran dokar.

Abogadoro bai janye maganarsa ba. Ya sake rubutu a kanta a 1814 da 1821, yana ƙara misalai.

Shekarun Turin

A 1820 aka buɗe sabuwar kujerar koyar da fizik na lissafi a jami'ar Turin, aka ba shi. Bai daɗe a kanta ba. A 1821 sojoji da ɗalibai suka yi bore, suna neman sarki ya yi mulki da tsarin doka rubutacce. Aka murƙushe boren. Sabon sarki ya tsananta wa jami'a, aka soke kujerar Abogadoro. Ya koma aikin gwamnati a ofishin binciken kuɗi, yana ci gaba da nazarinsa a gida. Sai da aka yi shekara goma da ɗoriya kafin a mayar masa da kujerarsa. Ya riƙe ta har 1850, lokacin da ya huta yana da shekara 74.

Ya auri wata mata mai suna Felicita Maze, suka haifi ƴaƴa. Tsakanin 1837 da 1841 ya fitar da babban littafinsa na fizik, juzu'i huɗu. Ya yi aiki a hukumar ƙididdiga, da majalisar kula da ilimi, da hukumar awo da sikeli. Yana cikin waɗanda suka shigo da awon metir da litir da kilo a Piyemon, awon da kuke koyo a aji yau.

Ya rasu a Turin ran 9 ga watan Yuli 1856, saura wata ɗaya ya cika shekara 80. Aka binne shi a Kwarenya. Ƙasarsa ta girmama shi a matsayin malami da ma'aikaci. Amma maganar tagwaye, wadda ta fi duk abin da ya yi, tana kwance cikin tsohuwar mujalla.

Taron Karlsuruwe

Rashin karɓar maganarsa ya jawo wa masana wahala. Kowa yana da nasa nauyin atom. Wani ya rubuta ruwa HO, wani H2O. Tsamin da ke cikin binegar kaɗai, wani masani mai suna Kekule ya jera hanya 19 da ake rubuta shi. Malamin wannan gari ba ya gane rubutun malamin wancan gari.

Saboda haka aka kira taro a birnin Karlsuruwe na ƙasar Jamus, daga 3 zuwa 5 ga watan Satumba 1860. Masana shimi wajen 140 suka zo daga ƙasashe da yawa. A cikinsu akwai wani ɗan Italiya mai shekara 34, Kanizaro, malami a jami'ar Jenuwa. Tun 1858 ya rubuta wani ɗan littafi a kan yadda yake koyar da ɗalibansa. Ya ɗauki dokar Abogadoro, ya raba atom da molekil sarai, ya nuna cewa idan aka yarda idorojan tagwaye ne, duk lissafin yana daidaita.

Ya yi jawabi a taron, amma aka tashi ba a yanke komai ba. A ƙarshe aka rarraba ɗan littafin nasa. Wani Bajamushe, Lotar Mayar, ya karanta shi a hanyar komawa gida, ya gamsu. Wani saurayi ɗan Rasha, Mandeleyef, shi ma yana wurin. Da ingantaccen nauyin atom ya tsara babban jadawalin abubuwa a 1869, jadawalin da ke rataye a azuzuwan shimi na duniya. Cikin ƴan shekaru maganar Abogadoro ta shiga littattafai. Shekara huɗu kacal ta raba mutuwarsa da wannan taro.

Lambar da aka sa wa sunansa

Abogadoro ya nuna ƙidayar ɗaya ce, amma bai san ko nawa ba ce. A 1865 wani malami a birnin Biyena, Loshmit, ya fara ƙiyasta ta. Daga baya Jan Peran na Faransa ya auna ta ta hanyoyi da yawa. A 1909 ya ba da shawara a sa mata sunan Abogadoro, aka karɓa.

Ga girmanta. Garam 18 na ruwa, wato babban cokali ɗaya da ɗan ƙari, yana da molekil 602 da sifili 21 a bayanta. Da mutanen duniya duka, su miliyan dubu takwas, za su zauna suna ƙirga su, kowa ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana, sai sun yi fiye da shekara miliyan biyu kafin su ƙare cokalin nan.

Abin da ke riƙe tagwayen kuwa, sai bayan an gano elektaron a 1897 aka soma fahimtarsa. Babu sanda tsakanin atom biyu kamar ta taɓarya. Elektaron ne suke tarayya a kansu, tarayyar ita ce ɗaurin. Sandar da ake zanawa a allo alama ce kawai. Ruwa kuma ba shi da siffar taɓarya: atom uku ne, a lanƙwashe kamar gwiwar hannu.

Tagwayen iska a Adar

Cikin kashi 100 na iska, 78 azot ne, 21 oksijan. Dukansu tagwaye.

Oksijan shi ke raya wuta. Idan maƙeri ya danna zugazugi, tagwayen oksijan yake tura wa gawayi da yawa, shi ya sa wuta ke yin fari. Idan kun ja numfashi, suna shiga huhu, su wuce cikin jini. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani abu mai suna emogulobin. Kowane ɗaya yana ɗaukar tagwaye huɗu ya kai su ko'ina a jiki. Marar lafiyan da numfashi ya yi wa wuya, oksijan ake sa masa a asibiti.

Azot abincin shuka ne, amma tagwayensa ɗauri uku gare su, mai wuyar kwancewa. Hatsi yana tsaye cikin iska mai cike da azot, ba ya iya cin ko kaɗan daga ciki. Sai an raba tagwayen tukuna. Walƙiya tana raba kaɗan. Mafi yawa, wasu ƙananan halittu ne ke rabawa, waɗanda ke zaune cikin ƙasa da cikin ƴan ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa da gawo. Wannan yana cikin dalilan da suka sa hatsi ke yin kyau ƙarƙashin gawo a kwarin Majiya da na Kaita, kuma manomi ke haɗa wake da hatsi a gona ɗaya. Manoman Adar sun san amfanin tun da daɗewa. A 1909 wani Bajamushe mai suna Habar ya sami hanyar raba tagwayen azot da zafi da matsi mai tsanani. Daga nan ake samun yawancin takin zamani mai azot.

Siffar taɓarya ba ta tsaya ga iska ba. A cikin jikin mutum da dabba da shuka akwai wani molekil babba mai suna kalmodilin, mai atom fiye da dubu biyu. A 1985 aka gano siffarsa: kai biyu da dogon mahaɗi. Kowane kai yana kama kalsiyom biyu, sa'an nan tsakiyar ta lanƙwashe, kawunan su rungumi wani molekil su sa shi aiki. Da na'urori masu ƙarfi aka gano wannan. Tagwayen iska kuwa, malamin Barceli da alƙalami da takarda ya ƙirga su.

Ma'anar kalmomi

Gaz: abin da ba shi da siffa tasa, yana cika duk wurin da aka sa shi, kamar iska ko tururi.
Atom: ƙwaya mafi ƙanƙanta ta wani abu. Da Faransanci: atome.
Molekil: atom biyu ko fiye a ɗaure da juna. Da Faransanci: molécule.
Matsi: ƙarfin da gaz ke tura bangon abin da yake ciki, kamar iska a tayar keke.
Shimi: ilimin yadda abubuwa ke haɗuwa da rabuwa.
Fizik: ilimin motsi da zafi da haske da lantarki.

Yadda ake rubuta sunayen a littattafan Faransanci: Abogadoro, Avogadro. Bolta, Volta. Ge-Lusak, Gay-Lussac. Barzeliyus, Berzelius. Duma, Dumas. Kanizaro, Cannizzaro. Peran, Perrin. Barceli, Verceil. Karlsuruwe, Karlsruhe.

Tambayoyi

1. Wane aiki Abogadoro ya fara yi kafin ya zama malami?
2. Me ya bambanta tiyar hatsi da kwalbar gaz?
3. Ku bayyana misalin yara 200 da gyaɗa 100. Me gyaɗar take nufi?
4. Ku kawo dalili biyu da suka hana a karɓi maganarsa.
5. Shekara nawa ce tsakanin rubutunsa na farko a kan tagwaye da taron Karlsuruwe?
6. Litir 1 na azot da litir 3 na idorojan suna ba da litir 2 na wani gaz. Idan kowane litir ƙwaya 100 ne, atom ɗin azot nawa da na idorojan nawa ke cikin kowane sabon molekil?

Aiki

Ku mulmula yumɓu dunƙule-dunƙule. Ku haɗa biyu-biyu da tsinke. Ku yi tagwayen idorojan biyu da na oksijan ɗaya, sa'an nan ku raba su ku gina ruwa. Molekil nawa kuka samu? Akwai saura?

Da damina, ku nemi izinin mai gona ku tuge wake ɗaya a hankali. Ku wanke saiwar, ku ƙirga ƙulle-ƙullen da ke jikinta. Ku tsaga ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, ana raba tagwayen azot a ciki. Ku zana abin da kuka gani.